Ziyarar Kulawa Ranar Zuba Dekin

A Vila Carambola kowa ya san Adailton mai gyaran firji ne. Kullum da safe zai fito da tsohuwar jakar kayan aiki a kafaɗa, sanye da riga mai tabon maiƙo wadda matarsa Zuleide take ɗiga wa man keken ɗinki da gangan, ya gangara tudu yana gaisawa da mutane, ya hau bas. Sai ya yi nisa da unguwa, ya shiga bariki ta ƙofar baya, sannan zai buɗe jakar ya ciro kaki ya koma Kofur Adailton. Kakin nan bai taɓa ganin rana a gidansa ba. In Zuleide ta wanke shi, a bayan firji take shanyawa, zafin injin ya busar da shi. Iyakar abin da ya haɗa Adailton da firji ke nan a duniya.

Dokar masu unguwa, wato masu bindigar da ke riƙe da tudun, ba ta da tsawo: ɗan sanda ba ya kwana a Carambola. Mai sa'a a ba shi wuni ya kwashe komatsansa. Marar sa'a ba a ba shi komai.

Shi kuwa Adailton gidan nan ne ransa. Bulo-bulo ya tara shi, tun suna ɗaki ɗaya da labule a madadin ƙofa, har ya zama gida mai falo da tayil da famfo a kicin. Yanzu ya kai inda ya daɗe yana hange: zai zuba dekin, wato rufin kankare, ya ɗora wa 'yarsa Rosilene bene, ita da saurayin da za ta aura, don kada a kwashe masa ita zuwa wani gari. An ɗaure rodi, an kafa katako, an sa ranar Asabar. In dai ba a san aikinsa ba, a gidan nan zai tsufa.

Sai ga abin da ya sami Sajan Genival.

Tare suke sintiri shekara da shekaru. Ran nan da rana tsaka suka faka a inuwar wata bishiya, Genival yana mazaunin direba yana ɓare lemu, yana zagin mai tsaron ragar ƙungiyarsu har da kakanninsa. Ya raba lemun biyu ya miƙa wa Adailton rabi. Wani babur ya zo ya wuce ta gefen tagar direba. Da ƙarar harbin ta lafa, Genival ya kifa a kan sitiyari, babu rai, Adailton kuma yana zaune riƙe da rabin lemu, ko ƙwarzane babu a jikinsa. A bariki kowa ya dafa shi ya ce masa kai mai sa'a ne, ka gode wa Allah.

Ya gode. Amma daga ranar bai ƙara iya jure warin lemu ba. In ya zauna a gaban mota gumi ne zai jiƙe shi sharkaf. Ranar da ƙungiyar su Genival ta ci ƙwallo, unguwa ta ɗauki harbin tartsatsin murna, sai Zuleide ta tsince shi a ƙarƙashin teburin cin abinci, cokali a hannu.

Ta durƙusa ta leƙa shi. "Me kake nema a nan?"

"Abu ne ya faɗi."

"Na ga abin da ya faɗi, ga shi nan da gashin baki. Adailton, ka je ka ga wani."

"In ga wa? Fasto? Ya ce aljani ne, ya tara min coci a ka?"

"Ni dai na gaji da ganin ka haka. Tsoro nake ji."

Ya fito ya kakkaɓe wando ya ce mata lafiyarsa ƙalau, ta zubo masa wake.

Ana cikin haka wani gidan talabijin ya yi shiri a kan 'yan sandan da suke zarewa bayan sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Manya suka kalli shirin, zuciyarsu ta karye, musamman da suka ji an ambaci ofishinsu. Kafin wata ya ƙare aka haifi Shirin Rungumar Jarumi, aka danƙa shi ga Manjo Ubiratan, mutumin da bai taɓa gifta mai ɗaukar hoto ba tare da ya gyara hula ba.

Manjo bai yi wasa ba. Ya sa aka kwashe tsofaffin tayoyi daga wani sito, aka shafe shi da shuɗin fenti, aka jera fulawar roba, aka zuba matasai masu laushi, aka liƙa hoton rana tana faɗawa teku. Aka sa ƙofar gilashi tana kallon kantin cin abinci, wai don haske ya shiga. Haske ya shiga, idon bataliya gaba ɗaya ma ya shiga. Duk wanda aka gani a ciki fiye da sau ɗaya, sai a karɓe bindigarsa don kare lafiyarsa, a kai shi bakin get ya riƙa ɗaga ƙarfe wa motoci, a kuma laƙaba masa suna ɗan fulawa har ya yi ritaya.

A faretin safe Manjo ya yi jawabi mai ratsa jiki. "Ɗan sanda ma mutum ne," in ji shi, ya dafa ƙirji. "Duk wanda yake jin kuka, ya yi kukansa, babu kunya. Ranar Talata, daga safe zuwa tsakar rana."

Babu wanda ya ji kuka. Saboda haka aka duba wanda ya cancanta aka ba shi umarni, kuma wa ya kai wanda yake cikin motar Genival cancanta?

Likitar da aka kawo, Dotora Heloísa, mace ce siririya mai tabarau, gajiya a fuskarta, don ita kaɗai aka raba wa barikoki da yawa kamar cokali ɗaya a gidan biki. Ta ajiye masa kujera mai juya wa ƙofa baya. Ya ɗauki kujerar ya kai ta lungu inda zai ga mai shiga da mai fita, ya zauna a bakin-bakinta. Ita ma ta juyo da tata.

"Kofur, yaya barci?"

"Lafiya lau, Dotora."

"Cin abinci fa?"

"Tambayi matata, kuka take da ni."

"Kana tuna ranar?"

"Na faɗa wa Manjo duk abin da ya faru."

Ta bayan gilashi wani abokin aikinsa ya ciro hankici yana goge hawayen ƙarya, wani kuma ya rungume tsintsiya yana lallashinta. Dotora ta tashi ta nemi labule ta ja, ta tarar ba a sa labule ba. An dai sa sandar.

Ta dawo ta zauna. "Ni ba ni nake karɓar bindigar kowa ba, Kofur."

"Ke ce dai kike faɗa wa mai karɓa."

"Ba kullum ba."

"Dotora, don Allah in tambaye ki. Kin taɓa yin wanka a tsakiyar kasuwa?"

Ta yi murmushi, na gaske, ba irin na aiki ba. "Ban taɓa ba. To kai a ina kake wankan?"

Tambayar ce ta shammace shi. Ya buɗe baki zai ce lafiya lau, sai ya ji kansa yana ba ta labarin saman gidansa. Ya ce da yamma yakan hau can ya zauna a kan bulo, daga nan ana hango teku, ɗan siriri tsakanin benaye biyu, kuma a nan ne kaɗai ƙirjinsa yake sakewa. Ya ba ta labarin rodi da katako da benen Rosilene, har ya gaya mata ranar Asabar za a zuba dekin, layi gaba ɗaya zai fito. Bai ambaci Genival ba ko sau ɗaya. Amma da ya fito ya ji nauyin ya ɗan ragu, abin ya ba shi haushi.

"Ɗan fulawa, an rungume ka?" wani ya kira daga kantin.

"An ce in turo uwarka," in ji Adailton, ya wuce.

Daga baya ne ya ji yadda aka yi. Dotora ta yi tunanin in mutumin nan ba zai yi magana a bariki ba, ita za ta same shi inda yake iya magana. Niyyarta ta fara tambayarsa, in ya yarda ta hau bas ita kaɗai wata rana, cikin kayan gida, a ce ƙawar Zuleide ce daga coci. Kuskurenta ɗaya: ta nemi izini. Manjo na jin kalmar ziyarar gida idonsa ya kawo wuta.

"Tambayarsa? Haba Dotora, ai ba-zata ta fi taɓa zuciya. A ina yake zaune?"

Da aka ce masa Carambola sai ya girgiza kai, ya ce ba zai bar mace ta shiga wannan wuri ba rakiya ba, shi yana da tausayi. Manjo ya san Carambola sarai, ya sha tura mutane can su yi harbi su dawo. Abin da bai taɓa zama ya yi tunani a kai ba shi ne a ina ƙananan 'yan sanda suke kwana. A saninsa da safe suke tsirowa a filin fareti, da takalmansu a goge. Dotora ta ce in haka ne a fasa. Ya ce an fasa. Ranar Asabar ya aika aka ɗauko ta, wai za a je wani taro.

Asabar ta waye fes. Tun kafin rana ta yi zafi layin su Adailton ya cika. Ga tulin yashi, ga tsakuwa, ga buhunan siminti, maza sun tuɓe riguna sun jera daga titi har saman tsani, bokiti yana bin hannu yana hawa cike yana saukowa wayam. Ba a biyan kowa a zuba dekin. Ka ɗauki bokiti a gidan wani, ranar taka ya ɗauka a gidanka, mai gida kuma ya cika ciki ya jiƙa maƙogwaro. Adailton ya ɗauka a kusan kowane gida a layin. Zuleide ta ɗora ƙatuwar tukunyar baƙin wake da busasshen nama da tsiran alade tun asuba, ga shinkafa, ga soyayyen garin rogo, ga kwalaben giya a cikin duro an danne da ƙanƙara. Rediyo yana ta kiɗan samba a kan taga.

A sama Seu Belarmino ne mai mulki, tsohon birkila mai ƙafa ɗaya a karkace, wanda ya zuba rabin dekin unguwar kuma bai taɓa yabon kwaɓin kowa ba.

"Adailton! Wannan kwaɓin wa ya yi shi? Miya na ce a kawo min?"

"Surukina ne, Seu Belarmino."

"To ka sake tunani a kan auren nan. Wanda bai iya kwaɓa siminti ba, me zai iya?"

Aka kwashe da dariya, saurayin Rosilene ya sunkuyar da kai ya ƙara yashi. Rosilene ta leƙo ta taga ta ce a bar mata mijinta, ai ba birkila ta ce tana so ba.

"Ku yi sauri, 'yan banza!" in ji tsohon. "In aka fara ba a tsayawa. Kankare ba ya jiran mai shan sigari."

Adailton yana tsakiyar tsani, siminti har gira, yana dariya. Rabonsa da irin wannan dariya tun kafin inuwar bishiyar nan. An zuba fiye da rabi.

Sai tartsatsi ya tashi daga gindin tudu, tas-tas-tas, ba na ƙwallo ba, na masu gadin unguwa ne da ke shaida 'yan sanda sun shigo. Bokitin hannun Adailton ya suɓuce, shi kuma ya tsinci kansa a ƙasa, kwance bayan tulin yashi. Bai zama abin kallo ba, don kowa ma neman bango yake. Mata suka ja yara ciki, wani ya kashe rediyo. Aka yi tsit ana jiran harbi.

Harbi bai zo ba. Motar sintiri ce ta hauro a hankali, bakunan bindigogi sun leƙo ta tagogi kamar yadda aka saba. Wata irinta tana baya. A tsakaninsu kuma ga wata farar bas mai ratsin shuɗi, an zana mata ɗan sanda yana murmushi ya buɗe hannuwa, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: MUNA KULA DA NAMU. Suka wuce shagon mai burodi, suka wuce coci. Adailton yana roƙon Allah su wuce shi ma. Suka tsaya daidai tulin tsakuwarsa.

Mai ɗaukar hoto ne ya fara sauka, ya ja da baya ya daidaita. Sannan Manjo Ubiratan ya sauko, kaki ya sha guga, rungume da kwando an naɗe shi da leda mai ƙyalli da jan ƙyalle. Dotora Heloísa ta biyo shi, fuskarta ba jini, tana riƙe da hannun rigarsa tana magana ƙasa-ƙasa. Ya zame hannunsa cikin ladabi.

"Ina jarumin namu?" Muryar fareti ya sa, wadda ake ji har bayan gari. "Kofur Adailton!"

Adailton ya miƙe daga bayan yashi. "Ranka ya daɗe, ina jin kun yi ɓatan hanya. Ni mai gyaran firji ne."

Bakinsa ne ya faɗi haka. Jikinsa kuwa tuni ya ci amanarsa: dugadugansa sun haɗe, ƙirji ya fito, hannun dama ya kai gira ya sara. Shekarun bariki ba su tambaye shi ba. Ya sauke hannun da sauri ya sosa kai, amma layi gaba ɗaya ya gani.

Manjo ya ƙyalƙyale. "Kun ji shi? Mai gyaran firji! Har barkwanci ya dawo. Alamar sauƙi ke nan, ko ba haka ba, Dotora?"

"Manjo, don girman Allah mu tafi. Yanzu."

"Yanzu muka zo." Ya juya ga mutanen da ke manne da bango. "Jama'a, ku matso, kada ku ji tsoro! Ku yi alfahari da maƙwabcinku. Shekara da shekaru mutumin nan yana fita ya sa ransa a gaba dominku. Kwanan nan aka kashe abokin sintirinsa a gefensa, amma ga shi tsaye. Mu a wurinmu ɗan sanda ba lamba ba ne, ɗan uwa ne. Shi ya sa muka zo har gida."

Babu wanda ya matso. A can saman layi wasu mutum biyu suna zaune a kan babur, ba su ɓuya ba, ba su kuma yi gaggawa ba. Na bayan ya kai 'yar rediyon hannu bakinsa ya yi magana gajeriya, suka juya suka haura.

Manjo bai gan su ba, hoto yake shiryawa. Ya danna wa Adailton kwandon a ƙirji, ya rungumo kafaɗarsa ta gefen da ba siminti sosai. Ledar ta buɗe. Lemu ne, manya-manya, an zaɓo masu kyau. Warin ya daki Adailton, titin ya fara juyawa.

"Ɗan murmushi, Kofur," in ji mai hoto.

Zuleide ce ta iso da ludayi a hannu. Ta fizge kwandon ta dire shi a cikin kwata, ta tsaya tsakanin mijinta da Manjo.

"Uwargida ke nan!" in ji Manjo. "Madam, ke ma jaruma ce."

"Na gode, ranka ya daɗe. Allah ya saka. Akwai sauran kulawar ne, ko ta ƙare?"

Wani sajan daga motar gaba, wanda shi ya san abin da tsit ɗin nan yake nufi, ya zo ya raɗa wa Manjo cewa lokaci ya yi. Manjo ya duba agogo ya ce ai kuwa, akwai liyafa. Ya ɗaga wa jama'a hannu ya shiga bas yana cewa mai hoto ziyarar farko ta yi armashi. Dotora ta tsaya, hawaye yana bin gefen tabarau.

"Kofur, ka gafarce ni. Ban san nan za mu zo ba sai da muka hau tudu. Ni zan tsaya, in akwai abin da zan..."

"Ki tafi, 'yar nan," in ji Zuleide, ba tsawa. "In kika tsaya, da ke za mu ji ko da kanmu?"

Ta tafi. Motocin suka juya da ƙyar a ƙunƙuntar hanya, suka gangara da bindigoginsu da murmushinsu.

Aka daɗe ba wanda ya motsa. Adailton yana tsaye a tsakiyar titi, ya kasa kallon kowa.

Sai muryar Seu Belarmino daga sama: "Me kuke kallo? Kankare yana bushewa! Miƙo bokiti!"

Wani ya sunkuya ya ɗauki shebur. Wani ya koma kan tsani. Layin ya sake haɗuwa, bokiti ya ci gaba da hawa, sai dai babu rediyo, babu tsokana, ƙarar shebur kawai da numfashi. Wanda ke miƙa wa Adailton bokiti yana miƙawa yana kallon ƙasa. Haka aka zuba ragowar, tsohon ya bi da katako ya daidaita, ya shafe lungu-lungu kamar gidansa ne. Da aka gama kowa ya wanke hannu a duro ya ce wa Zuleide sannu da aiki, ya ce ana jiransa a gida. Tukunyar wake tana nan cike, ƙanƙara tana narkewa a kan kwalabe.

Seu Belarmino ya sa rigarsa ya haura tudu wurin masu unguwa da ƙafarsa mai karkata. Ba wanda ya aike shi. Ya jima kafin ya dawo, ya tarar da Adailton zaune a kan buhun siminti, ya zauna kusa da shi yana haki.

"Kafin rana ta faɗi," in ji shi. "Da kayanku duka, kuma ba mai taɓa kowa. Na nemi zuwa gobe, ba su ba ni ba. Ɗan ƙanwata zai kawo motarsa ta kaya."

Adailton ya gyaɗa kai. "Seu Belarmino, na yi muku ƙarya."

"Wace ƙarya?"

"Firji."

Tsohon ya kalle shi kamar yadda yake kallon kwaɓin da ruwa ya yi wa yawa. "Kai yaro, tunda ka zo unguwar nan, akwai wanda ya taɓa kawo maka firji gyara? Nawa ya mutu bara. Sai da na bari ka fita aiki, na sa aka ɗora shi a baro aka kai wata unguwa, don kada in kunyata ka."

"Kowa ya sani?"

"Mai gyaran firjin da yake aske kai duk mako, yake tafiya kamar ya haɗiye rodi? Har kaza ta sani."

"Su ma na sama?"

"Sun sani, ba su sani ba. Ba ka taɓa kai sunan kowa ba, ba ka taɓa shigowa da kaki ba, to ba wanda ya ga komai. Yanzu an zo da mota an rubuta a jikinta, an kira sunanka da muƙaminka a gaban jama'a. In suka ƙyale ka, gobe su ne abin dariya." Ya tofar da yawu. "Wane ne wanda aka kashe ɗin?"

"Genival." Sunan ya fito da ƙyar. "Lemu yake ɓarewa. Ya ba ni rabi. Ban san inda na ajiye rabin ba, Seu Belarmino. Kullum sai na yi ta tunani, na yar ne, ko na ci?"

Nan ya fashe. Ya yi kuka irin na babban mutum, mai muni, da majina da shessheƙa, siminti yana narkewa a kumatunsa. Tsohon bai ce masa ya yi haƙuri ba, bai ce masa yana da sa'a ba. Ya ɗora tafin hannunsa mai kaushi a ƙeyarsa ya bar shi a nan har ya gama.

Kwashe gida ba ya ɗaukar lokaci kamar gina shi. Zuleide ta ƙulle tufafi a zannuwan gado, ba ta yi kuka ba, tana dai zagin duk abin da ya ƙi shiga kwali. Rosilene da saurayinta suka fito da katifu. Maƙwabtan da suka ce ana jiransu a gida suka riƙa ɓullowa ɗaya-ɗaya, wannan ya kama ƙafar gado, wancan ya ɗauki tukunyar gas. Gidan yayar Zuleide za su, can ƙarshen layin jirgi, ɗaki ɗaya da falo.

Rana ta yi ƙasa, an ɗaure kaya da igiya, direba ya tayar da mota. Aka nemi Adailton aka rasa. Seu Belarmino ya ji ƙarar ruwa, ya ja ƙafa ya hau tsani. Ya same shi a gefen sabon dekin, ya jawo tiyo daga famfon kicin, ya toshe bakinsa da babban yatsa yana yayyafa ruwa a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ana jiranka, yaro."

"Ya fara kamawa. In ba a ba shi ruwa ba zai tsage." Bai juyo ba. "Safe da yamma, Seu Belarmino, har ya yi ƙarfi. Kada ka bari rana ta cinye shi."

"Adailton, ka san masu unguwa wani nasu za su sa a gidan nan."

"Na sani."

"To don me?"

"Kun yi wahala a kansa. Ka dai ba shi ruwa."

Direba ya danna hon, Zuleide ta kira sunansa daga ƙasa. Tsohon ya miƙa hannu ya karɓi tiyon, ya sa yatsansa inda na Adailton yake, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Adailton ya goge hannu a wando ya sauka tsani. Da ya isa motar sai ya wuce ƙofar gaba da aka buɗe masa, ya hau baya ya zauna a kan katifu, ya ce wa direba su tafi.